Takardun wagga manhaja, na ƙwarai ne ko ado ne?

Ƙanena, na ga saƙonka. Kana tambaya kan wagga manhaja da kake son haɗa ma wakilin AI naka, wato injin da ke yin aiki da kansa a madadinka, wanda zai riƙa tura ma masu albasa na Goronyo kuɗɗinsu, ka ce shafin bayaninta ya yi kyau ƙwarai, to ta ina za ka gane ko abin dogaro ne. Kyan shafi kam bar shi gefe, ni ba da karatu nake auna takardu ba, gwada su nake yi.

Buɗe sabon folda wanda babu komi ciki, ka kwafi misalin farko da sunka rubuta yadda yake, ko waƙafi kada ka taɓa, ka kunna. In ya tashi to akwai mai kula da wurin. In bai tashi ba duba lambar sigar da misalin ke magana a kai ka gwada da wadda ka sauke, galibi nan gizo ke saƙa. A Nuwamba 2023 OpenAI sun fito da siga ta 1.0 ta laburarensu na Python, tsohon kiran nan na openai.ChatCompletion.create ya daina aiki, kuma har yau intanet cike take da darussa masu tsohon salo, amma su sun rubuta yadda za a koma sabon. Irin wanga nake son ka nema, CHANGELOG mai kwanan wata wanda ke faɗin mi anka canza, mi anka cire, da mi za ka yi a madadinsa.

Amma inda aikin naka ya bambanta shi ne ba kai kaɗai ke karatun ba, injin ma shina karantawa. Ɗauki MCP, ƙa'idar haɗa wakilin AI da kayan aiki na waje, da kamfanin Anthropic sunka fito da shi a Nuwamba 2024, kowane kayan aiki ciki shina da suna, da ɗan bayani, da tsarin JSON Schema na abin da za a saka mai, to waɗanga layukan su ne dut abin da wakilin ka gani kafin ya yanke shawara. Kamar ka aiki baƙon da bai san Sakkwato ba zuwa kasuwa da 'yar takarda a hannu kuma ba shi da waya. Kai in ka rikice sai ka zo shago ka tambaye ni, shi ko sau da yawa cike gurbin yake da zato ya wuce abinsa.

Duba gurbin kuɗɗi da kyau, nan ne ni hankalina bai kwanciya. In an rubuta adadi kawai anka yi shiru, naira ne ko kwabo? Paystack da kwabo suke karɓa, sun kuma faɗa a takardunsu, wato naira 50,000 sai ka rubuta 5000000. To ka ɗauka bayanin da wakilinka ke gani bai kawo wagga magana ba, zai rubuta 50000, bawan Allah da ya kwana bakin rijiya shina ban ruwa ya ga alat na naira 500. In kuma abin ya juya, manhajar naira take so shi ya zaci kwabo, ka tura ninki 100 ke nan, wa zai biya? Haka kwanan wata, rana ke gaba ko wata, da agogon wane gari.

Sai ka nemi inda sunka yi maganar lalacewa, don mafi yawan masu rubutu ranar daɗi kaɗai suke kwatantawa. Ka san netiwok ɗinmu, saƙo ya tahi amsa ba ta dawo ba, wakili ya sake turawa don a ganinsa bai shiga ba, to takardun sun ce mi ka faruwa in anka maimaita kira guda sau biyu? Kamfanin biyan kuɗɗi na Stripe suna da makulli na musamman da ake liƙa ma kowane kira don kada a cire kuɗɗi sau biyu, MCP ma shina da alamun da ke nuna ko kayan aiki karatu kaɗai yake ko shina iya gogewa. In ka bincika ba ka samu ko layi ɗaya kan wanga ba, wallahi kada ka bari ta kusanci asusun mutane. Haka lambobin kuskure 401 da 429 da manhaja ke maido ma in kira bai yi ba, ya kamata su faɗi na farko matsalar shaidar shiga ce, na biyu kira ya yi yawa a dakata, kuma har tsawon wane lokaci.

Fayil ɗin llms.txt, wato taƙaitaccen bayanin shafi da ake rubuta ma injinan AI, da Jeremy Howard ya kawo shawararsa a 2024 in akwai madalla, rashinsa bai kore manhaja. Ƙorafe-ƙorafen da masu amfani da manhajar ke rubutawa a shafinta na GitHub sun fi shi faɗin gaskiya, duba ko ana amsa masu cewa misali bai aiki.

Abin da za ka yi yau, sa makullin gwaji, ba na gaske ba hwa, ka ba wakilin bayanin kaɗai ba tare da ƙarin komi daga bakinka ba, ka sa shi biyan mutum guda, sannan ka katse data ana tsaka da aiki ka ga mi zai yi. Dut inda ya yi zato ka rubuta, ka taho da kwamfutar shago bayan la'asar mu duba tare.