Allurar ƙashi da kuɗin biki

Wata baiwar Allah daga Garwa ta rubuto cewa mahaifiyarta na karɓar allurar Prolia duk wata 6 saboda zaizayewar ƙashi. An yi 4, Hajiya ba ta kukan komai, ga bikin ƙanwarta ya ƙarato. Ko a tsallake ta wannan karon?

'Yata, na san nauyin ya yi miki yawa, Allah ya saka da alheri. Amma kada ki tsallake. Wannan allura ba ta zama a cikin ƙashi. Da wa'adinta ya cika sai ƙarfinta ya janye, ƙashi ya koma zaizayewa da saurin da ya fi na da. An sha ganin gaɓoɓin ƙashin baya 2 ko 3 sun karye lokaci guda, ba faɗuwa aka yi ba, sunkuyawa ce kawai a ɗauki bokiti. Jinkiri kada ya wuce wata 1. In kuɗi ne suka gagara, ki faɗa wa likita ba kunya, zai iya mayar da ita kan ƙwayar alendronate ko ƙarin ruwan zoledronate don su riƙe abin da aka samu.

Abin da ke ba ni haushi, anko ba a taɓa ɗaga shi. Atamfa, masu kiɗa, buhunan shinkafa, duk sefa ta samu, sai maganin tsohuwa ne zai jira. Daga nan a faɗa hannun mai jaka da ke cewa ya samo da araha. Allurar nan a firji take zama, tsakanin digiri 2 da 8, zafin Garwa a watan Afrilu kuwa yakan haura 40. Ko ta gaske ce, kwana nawa ta yi a but ɗin mota? A kantin magani mai lasisi za ki saya.

Wani dattijo daga Kusiri ya ce alendronate na sa shi ƙwannafi. Baba, da me kake sha? Da ruwa zalla ake sha, a cika kofi da shi, kafin ka ci komai, ban da shayi ko kunu. Ka sha bayan sallar asuba, ka yi minti 30 a zaune ko a tsaye, ban da komawa shimfiɗa. In haɗiya ta fara yi maka zafi, dakata ka ga likita. Ita alendronate takan daɗe a ƙashi, shi ya sa bayan shekara 5 likita kan ba wasu hutu, amma shi zai yanke. Za a cire maka haƙori? Ka sanar da likitan haƙorin kana shanta.

Mai tambaya daga Marwa ko romon ƙafar saniya zai maye gurbin magani: malam, sha romonka, ka kuma sha maganinka.