Masu kallo sun ninka a YouTube, ciniki bai motsa ba

Tambaya: Ina sayar da wayoyi a kasuwar Farm Centre da ke Kano, ina kuma ɗora bidiyonsu a YouTube. Ɗan yayata ya ce in riƙa sa kanu irin "Innalillahi! Kalli abin da ya faru a kasuwa yanzun nan", da hoton mutum ya dafe kai. Masu kallo sun ninka, amma zagi ya yi yawa, ciniki kuma yana nan jiya i yau. In ci gaba?

Amsa: Alhaji, ka daina tun yau. Zagin nan ka zauna ka karanta shi a tsanake, domin masu sayen kayanka ne ke magana. Mutum ya ga "Innalillahi", gabansa ya faɗi, ya zaci gobara ce, wataƙila ma ƙaninsa na da shago a wurin. Ya danna hannu na rawa, sai ga ka kana juya Tecno. Ka tayar masa da hankali, ka kuma cinye masa data, wadda ta ƙara tsada tun da hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025. Wanda ka yi wa haka, ta yaya zai turo maka dubu ɗari biyu ka aika masa waya Gusau? Ranar da ka ce masa ba a taɓa kwance wayar ba, kanun nan zai tuna. A kasuwa sunan wannan algus, kamar mai jera manyan tumatir a bakin kwando. Kalmar da ake faɗa wajen mutuwa da musiba kuma, abin yana yi mini ciwo a ce an mai da ita tarkon talla.

Ita ma YouTube ba ta tare da ɗan yayarka. Tun 2012 ta koma ba wa tsawon lokacin kallo muhimmanci fiye da yawan dannawa. Idan mutane na shiga suna fita cikin daƙiƙa goma, sai ta rage nuna bidiyon ga wasu. Ko kuɗin tallan da YouTube ke rabawa da masu ɗora bidiyo kake hari, hanyar samun cikakken rabon ta yawan kallo na buƙatar mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, kuma wanda ya fice a fusace bai bar maka awa ba. Dokokinta sun hana kanu da hoto na yaudara, ana iya sauke bidiyo a kansu.

Jan hankali halal ne, muddin abin da ka alkawarta yana ciki. Rubuta "Yadda za ka gane caja ta jabu kafin ka biya", ko "Waya uku masu riƙe caji a ƙasa da dubu ɗari da hamsin", ka shiga maganar kai tsaye bayan sallama. Mutum ɗari biyar da suka zo da wannan tambayar a ransu, a cikinsu masu saye suke.

Tsofaffin bidiyoyin ba sai ka goge su ba, YouTube Studio, wato sashen da mai bidiyo ke kula da bidiyoyinsa, na ba ka damar sauya kanu da hoto. Gyara su, ka rubuta gajeren ban haƙuri. Daga nan ka buɗe littafi na wata biyu: duk wanda ya kira ko ya zo shago, ka tambaye shi wane bidiyo ya gani, ka rubuta tare da abin da ya saya.