Amsa Ga Kawu Kan Tsohuwar Motar Da Ke Garejina

Assalamu alaikum Kawu. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ku da Inna da yaran gareji baki ɗaya. Saƙonku na murya ya iso, na kuma saurare shi har sau uku. Kun ce an nuna muku hoton da muka ɗauka ranar Babbar Sallah, ni da yara a jikin wata jar mota, kuka tambaya ko wani abu ne ya same ni a wurin aiki har na koma hawan akwala, alhali 'ya'yan wasu suna ta turo Camry da Highlander ta Kwatano. Kun ƙara da cewa in ba matsi ba ne, to kuna tsoron kada ya zama almubazzaranci. Tambaya ce ta uba, shi ya sa na ga bai dace in amsa ta a tsaitsaye ta waya ba.

Lafiya ƙalau nake, aiki ma Alhamdulillahi. Motar zuwa aikina daban, Toyota ce irin wadda kusan kowane Bahaushe a nan yake hawa, domin ba ta cin mai, ba ta yawan kai mutum wurin bakanike. Mu da muke wannan yanki na Michigan ba mu da yawa, ba kamar Bronx ta New York ba inda za ka ji Hausa a bakin titi. Akwai 'yan Nijar, akwai 'yan zangon Kumasi da Accra, akwai mu na Kano da Zariya da Jos. Yawancinmu mota kayan neman abinci ce a wurinmu: wani yana tasi, wani yana kai kaya gida-gida, wasu kuma sana'arsu ke nan su sayi wadda ta yi haɗari a wurin gwanjo, su loda a kwantena zuwa Kwatano ko Legas. Don haka ranar da na jawo wannan tsohuwa gida, irin tambayarku 'yan'uwa suka yi mini a masallaci.

Ford Mustang ce ƙirar 1966. Kamfanin ya fara nuna irinta ga jama'a ranar 17 ga Afrilu, 1964, a babban bajekolin duniya na New York, a kan dala 2,368, kuma kafin a cika shekara biyu an ƙera miliyan ɗaya. Ba motar sarakuna ba ce. Mota ce ta malamin makaranta da akawu da yaron da ya fara ɗaukar albashi. Tawa ma ba mai babban injin nan na silinda takwas ba ce da ake yayi. Silinda shida ce a jere, kabureta ɗaya, giya uku ta hannu, birki na ganga a ƙafafu huɗu. Lambar jikinta ta fara da 6F07T. Shida ɗin shekara ce, T ɗin injin ne, F ɗin kuwa tana nufin an haɗa ta a Dearborn, a masana'antar da ke bakin kogin Rouge. Daga ƙofar gidana zuwa can bai kai tafiyar rabin awa ba.

Daga nan ne za ku gane mutanen da muke zaune cikinsu. A Detroit da kewayenta da wuya ka sami gidan da uba ko kaka bai yi aiki a Ford ko General Motors ko Chrysler ba. Baƙaƙen da suka yi ƙaura daga kudancin Amurka, da 'yan Poland, da Larabawan Labanan da Yaman waɗanda yanzu masallatansu suka cika Dearborn, da yawansu masana'antun mota ne suka kawo kakanninsu. Idan ɗayansu ya ajiye tsohuwar mota yana goge ta, a wurinsa kamar yadda gidan maƙera ke ajiye uwar maƙerar kaka ne, ko yadda ake adana allon mahaifi. Ba ya kallonta a matsayin abin da ya tsufa. Aikin hannun ubansa yake gani.

A hannun wata dattijuwa na saye ta. Mijinta ya yi ritaya daga masana'anta, ya rasu, motar ta shekara goma sha wani abu a rumfar bayan gida ba a tayar da ita ba. Na je gyara mata na'urar ɗumama ɗaki ne, wato aikina, na hango hancin motar a ƙarƙashin tamfol. Da na ɗaga bonet, Kawu, ku na tuna. Ga distirbuta da kwantak, ga kabureta a fili, ga fanbel ɗaya tak, ga sarari har mutum ya zura hannu biyu. Babu kwamfuta, babu murfin roba da ke ɓoye inji. Duk abin da kuka koya mini a jikin Fijo 504 lokacin da nake wanke muku sifana da kananzir, ga shi nan kwance a gabana a wata ƙasa. Ban yi barci sosai ba a daren nan.

Ban ci bashin banki ba. A nan motoci da yawa da bashi mai ruwa ake sayensu, mu kuwa muna iya ƙoƙarinmu mu kauce, shi ya sa adashi bai mutu a cikinmu ba. Mu goma sha biyu ne, kowane wata mutum ɗaya yake kwasa. Da kwasata ta zo, na fara cire abin da na saba turowa gida, sannan na kai wa dattijuwar sauran. Kuɗin bai kai na tsohuwar Corolla mai lafiya ba. Ta sa hannu a takardar mallaka, ta ba ni wani ɗan littafi da mijin yake rubuta duk ranar da ya sauya baƙin mai, ta roƙe ni abu ɗaya: kada in farfasa ta in sayar da kayan. Na yi mata alkawari.

Injin bai ba ni wahala ba. Na cire fulogi, na ɗiga mai a kowace silinda, na bar shi kwana uku, na juya da hannu ya juya. Na wanke tanki, na sauya kwantak da kwandensa, na kwance kabureta na jiƙa ta. Sai da na sauya duk bututun roba, domin man fetur na nan akwai kashi goma cikin ɗari na sinadarin etanol da ake samu daga masara, kuma yana cinye tsohuwar roba. Ranar da ta tashi, hayaƙi ya cika layinmu, maƙwabcina wanda shekara biyar gaisuwar hannu kawai muke yi daga nesa ya fito da gudu, ya tsaya yana saurare, ya ce mahaifinsa ya yi irinta. Washegari ya kawo mini akwatin kayan aikin uban nasa, ya ce in yi amfani da su.

Abin da ya sha ni shi ne tsatsa, kuma nan ne ilminmu na gida bai isa ba. A Kano rana da ƙura da ramuka ne ke kashe mota. Inji ya gaji, bodi yana nan. A nan akasin haka ne. Duk hunturu ana watsa gishiri a kan titi don ya narkar da ƙanƙara, har ma akwai ma'adinin gishiri a ƙarƙashin birnin Detroit, kuma gishirin nan yana cin ƙarfe daga ƙasa kamar yadda gara ke cin azara. Mustang ta wancan zamani kuma tana da wani ciwo nata: a gindin gilashin gaba akwai wata raga da iska ke shiga, ganye ya taru a ciki, ruwa ya kwanta, ƙarfen ya huje, ruwan ya riƙa ɗiga a kan daɓen motar. Da na ɗaga kafet, ta wajen ƙafar direba ina hango ƙasa.

A nan na yi asara. Na kai ta wurin wani mai gyaran bodi da aka yaba mini, ya riƙe ta wata uku, ya dawo da ita tana ƙyalli. Ba a shekara ba fenti ya fara kumbura. Wani dattijo a ƙungiyar masu irin wannan mota ya zaro ɗan maganaɗisu daga aljihu, ya bi gefen ƙofa da shi, maganaɗisun ya faɗi ƙasa. Ashe ba a yanke ruɓaɓɓen ƙarfen ba, fota aka cika aka yi fenti a kai. Raina ya ɓaci ƙwarai, don kuɗin gumi ne. Dattijon bai ce in kai ƙara ba. Ya ce in zo garejinsa ranar Asabar. Hunturu biyu yana koya mini walda, muna yanke daɓe muna sa sabo, muna cire ɗigon waldar da ke riƙe da ragar nan ɗaya bayan ɗaya, sun fi ɗari. Bai karɓi ko sisi ba. In lokacin Azahar ya yi, shi ne yake duba agogo ya ce in je in yi salla, har ya ware mini wani kwali mai tsabta a lungu. Matata takan dafa masa shinkafa da miyar gyaɗa, yanzu ya san yaji.

Za ku ce me ya hana a ba bakanike kawai. Kuɗin hannun bakanike a nan awa-awa ake lissafa shi, kuma awa ɗaya takan wuce dala ɗari. Wanda ba attajiri ba, in yana son tsohuwar mota, dole ya koyi yi da kansa. Abin da ya sauƙaƙa shi ne kaya. Kusan kowane ƙarfe na Mustang, daga ƙofa har ƙaramin maɓalli, akwai kamfanonin da ke ƙera sabonsa har yau, ka yi oda a kawo maka ƙofar gida. Akwai kuma kasuwannin tsofaffin kaya da ake ci lokaci-lokaci. Babbarsu ita ce ta garin Hershey a jihar Pennsylvania, kowane Oktoba. Na je sau ɗaya, sai na ga kamar an ɗauko kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano an shimfiɗa ta a fili, har cinikin ma da tayi da albarka.

Abu ɗaya na sauya wanda ba na asali ba, kuma ban yi nadama ba. Motocin nan kafin 1967 tukunyar man birki ɗaya gare su, in bututu ɗaya ya fashe duk birki ya tafi. Na sa tukunya mai gida biyu. Wasu 'yan ƙungiya ba sa son a taɓa komai, sun fi son mota ta zauna yadda ta fito daga masana'anta. Na girmama ra'ayinsu, amma ni 'ya'yana nake ɗauka a ciki.

Batun hawa kuwa, ba kullum ba. Jihar Michigan tana ba motar da ta kai shekara 26 lamba ta musamman ta kayan tarihi, kuɗinta kaɗan, da sharaɗin ba za ta zama motar zirga-zirgar yau da kullum ba. Inshorarta ma ba ta kai ta Toyota ba. Da sanyi ya kama a Nuwamba nake cika tanki, in cire batir, in toshe salansa saboda ɓeraye, in rufe ta sai Afrilu. Babbar ranarta ita ce Asabar ta uku a watan Agusta, ranar da ake jerin gwanon tsofaffin motoci a titin Woodward, daga Ferndale har Pontiac. An fara shi a 1995 don tara kuɗin gina wa yara filin ƙwallo, yanzu dubban motoci ne ke fitowa, jama'a kuma su jeru a bakin titi da kujerunsu tun safe. Abin da ya fi kusa da shi a wurinmu hawan Daushe ne: kowa ya fito da abin hawansa da ya sha kwalliya, ana tafiya a hankali don a gani. Nakan sa babbar riga da hula zanna in shiga. Mutane su tsayar da ni su tambayi motar, daga nan su tambayi rigar, daga nan su tambayi Kano.

'Yan'uwan da suka yi mini dariya kuwa, bara da ɗan ɗaya daga cikinsu ya yi aure, ita aka roƙa ta ɗauko amarya. Babban ɗana, wanda a nan aka haife shi kuma Hausarsa ke neman kuɓucewa, a ƙarƙashin motar nan ya koyi cewa miƙo sifana, riƙe fitila, taka birki, saki. Da Hausa nake ba shi umarni kamar yadda kuka ba ni.

Game da almubazzaranci, na yi wa kaina wannan hisabi tun kafin ku tambaya. Ban taɓa rage abin Inna ko kuɗin makarantar ƙannena saboda ita ba, kuma shekara huɗu na ɗauka ina gyaran ne don kada in taɓa haƙƙin kowa. In na sayar da ita yau, da ƙyar in mayar da abin da na kashe, ban kuma saye ta don riba ba. Amma akwai abin da ke ci mini rai tun da na fara aikin nan, kuma ku kaɗai zan iya faɗa wa. Fijon Baba, farar 504 ɗin nan da aka haɗa a Kaduna, wadda ta kai mu Ɗambatta kowace Sallah, wadda kuka sauke injinta sau biyu da hannunku. Bayan rasuwarsa muka bar ta a ƙofar gida awaki na kwana a ƙarƙashinta, daga baya aka kira 'yan gwangwan suka auna ta a sikeli. Ni ma ina cikin waɗanda suka ce a sayar. A 1975 aka fara haɗa Fijo a Kaduna, kimanin shekara talatin ana fitar da 504, 'yan ƙasarmu ne suka ɗaura kusoshinta, ga shi yau yaro zai girma bai taɓa shiga ɗaya mai lafiya ba.

Don haka ina da roƙo biyu. In kun ji labarin wata 504 da bodinta bai ruɓe ba, ko da injin ya mutu, ku taya mini ita, a ajiye a garejinku, in na zo hutu mu fara. Na biyu, na ɗauki ƙarar injin Mustang ɗin da safe kafin ya yi zafi, zan turo muku yanzu. Akwai wani ɗan ƙas-ƙas da nake ji ta sama, yana ɓacewa bayan minti biyar. Dattijon nan ya ce ba komai, ni kuwa kunnenku na fi yarda da shi. Ku saurara ku gaya mini ko tafet ne.

A gaida Inna, a ce mata maganin ƙafarta yana hanya. Yara suna gaishe ku.