'Yata na da asma, an hana ta wasanni a makaranta

Tambaya: Salam likita. 'Yata shekararta 12, tana da asma tun tana ƙarama. Tana mutuwar son gudu amma malamin wasanni ya ce sai dai ta zauna gefe ta tsare wa sauran jakunkuna, wai ba zai ɗau alhaki ba. Babanta kuma ya hana inhela, wai in ta saba shikenan. Kullum sai ta dawo da kuka. Haƙuri zan ba ta?

Amsa: Wa'alaikumussalam Hajiya. A'a, ba maganar haƙuri ba ce. Yaron da aka shawo kan asmarsa yana wasa kamar kowa, Paula Radcliffe ta Ingila da asmarta ta kafa tarihin gudun yada ƙanin wani na mata a Landan a 2003. Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta ce yara 'yan shekara 5 zuwa 17 su samu minti 60 na motsa jiki kullum, kuma a binciken da ta fitar a 2019 kashi 85 cikin ɗari na 'yan mata matasa ba sa cika wannan, maza kashi 78. Dama an bar matan a baya, ga kuma tsaron jaka.

Amma maganar maigida ce ta fi damuna, don wallahi na gaji da jin ta. Inhela ba ƙwaya ba ce, ba a kamuwa da ita. Salbutamol, maganin da ke cikin inhelar da ake shaƙa in numfashi ya toshe, buɗe hanyar iska yake cikin 'yan mintuna, kai tsaye huhu yake zuwa, abin da ke shiga jini bai kai na sirof ɗin da ake ɗura wa yara hankali kwance ba. In kin ga yaro yana yawan neman ta, ciwon ne ba a riƙe shi da kyau ba, yana buƙatar ta rigakafi wacce ake shaƙa kullum. Masu cewa a jefar da inhela a sayi haɗinsu na "warkewa har abada", ba su ke tsaye ba ranar da aka shigo da yarinya cikin dare fatar tsakanin haƙarƙarinta na lotsawa, ta kasa haɗa kalma uku, sai a ce ai an ɓoye inhelar don kar ta saba. Asma tana kisa fa, ki faɗa masa haka, ko ku zo tare.

Makaranta kuma takarda suke so su kare kansu, to likitanta ya rubuta musu. Ta ɗumama jiki kamar minti 10, in likita ya ce ta shaƙa kafin wasa ta shaƙa saura minti 15, inhelar ta zauna bakin fili, kar a kulle ta a ofis. Ranar mura ko ƙura mai yawa ta sassauta. In ta shaƙa numfashin bai dawo ba, ko leɓenta ya sauya launi, asibiti nan take.