Yadda ake kusantar agwagin daji da kyamara

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda za ka ɗauki hoton agwagin daji kusa-kusa a Jos ba su tashi ba. Ni dai ban taɓa samun hoto mai kyau ina tsaye ba. Ka je Dam ɗin Lamingo ko ɗaya daga cikin kududdufan da haƙar kuza ta bari, da an sallame sallar asuba. Sa kaya marasa haske, ka kwanta rubda-ciki cikin ciyawa, kyamara dab da ruwa, rana a bayanka. Sai haƙuri.

Kirinjijiya, agwagwar daji mai farar fuska da fito, tana da tsoro. Amma in ka yi shiru minti 30, da kansu za su matso, har ka ga ɗigon ruwa na gangarowa daga bakinsu. Gilashin kyamara mai jawo nesa na 400mm ya isa, saurin ɗauka 1/1000 na daƙiƙa ko fiye da haka sauri. Rage haske kaɗan, don farar fuskar da fukafukan balbela kan ƙone a hoto.

Don Allah da damina kar ka kusanci sheƙa. Kuma ka kula da gaɓar kududdufan nan, suna da zurfi, ƙasarsu na zaftarewa.