Filin Tambaya da Amsa: Shiga Dajin Ƙanƙara na Svalbard Cikin Hunturu

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ni ɗalibi ne haifaffen Zariya, ina karatun digiri na biyu a garin Tromsø da ke arewacin Norwe, kuma wannan ne hunturuna na farko a ƙasar. Abokan karatuna su bakwai sun shirya zuwa tsibiran Svalbard, da ke can cikin teku arewa da Norwe, a farkon Janairu, inda za su bar garin Longyearbyen su nausa daji a ƙasa, suna jan kayansu a kan ƙanƙara, su kwana biyar a tanti. Ba su ɗauki jagora ba saboda tsada, amma ɗayansu ya taɓa zuwa sau ɗaya da bazara, kuma ya ce zai nemi izinin riƙe bindiga. Sun gayyace ni, raina yana so, sai dai ban taɓa kwana a waje cikin dusar ƙanƙara ba, kuma ina jin kunyar in nuna musu ina tsoro. Wace shawara za ka ba ni?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka bi wannan ayari a yadda ka siffanta shi, kuma in da hali ka zaunar da abokan naka ku sake lale. Magabata sun ce tsoro na daji, kunya na gida, to kai kuwa ka ɗauko kunya za ka kai ta inda tsoro ne ke da amfani.

Mu fara da watan da suka zaɓa. Longyearbyen tana kan digiri 78 arewa da tsakiyar duniya, kuma rana tana faɗuwa a can a ƙarshen Oktoba, ba ta sake leƙowa sai tsakiyar Fabrairu. Kai da ke Tromsø kana iya cewa ai ka san duhun hunturu, amma duhun Tromsø yana da sassauci, domin da tsakar rana sararin sama yakan yi shuɗi-shuɗi na 'yan sa'o'i har mutum ya ga hanya. A Longyearbyen kuwa, daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Janairu, ƙarfe sha biyun rana da ƙarfe sha biyun dare kusan duk ɗaya ne. Iyakar ganin matafiyi shi ne inda tocilar goshinsa ta haska, idan kuma iska ta taso da dusar ƙanƙara, ko takalmin wanda ke gabansa ba zai gani ba. Wanda ya san wurin da bazara, lokacin da rana ba ta faɗuwa tun daga wajen 20 ga Afrilu har ƙarshen Agusta, wata ƙasa daban ya sani.

Sai batun farin beyar, wani ƙaton naman daji mai cin nama, wanda shi ne sarkin wannan daji. Mutane da yawa suna zaton duk yana kwance a rami cikin hunturu, alhali macen da ke da ciki ce kawai take shiga rami ta haihu, sauran suna yawonsu na neman abinci. Dokar Svalbard ta wajabta wa duk mai fita bayan gari ya riƙe abin korar dabbar, kamar bindigar da ke harba wuta sama, kuma ofishin Gwamnan tsibiran yana shawartar a haɗa da bindiga ta gaske. Tun 1973 aka hana farautarsa, saboda haka harbi sai in rai ne ke cikin haɗari, kuma duk wanda ya harba sai an bincike shi. Takardar izini ba ta koya wa mutum saita bindiga da daskararrun yatsu cikin duhu. A watan Agustan 2011 farin beyar ya faɗa wa sansanin wasu matasa 'yan Birtaniya ya kashe yaro ɗan shekara 17, ya raunata huɗu, bayan igiyar gargaɗin da suka kewaye tantunansu da ita ta ƙi tashi. A Agustan 2020 ma ya kashe wani ɗan ƙasar Holan a filin kafa tanti da ke daf da filin jirgin saman garin. Duka biyun da hasken rana suka faru. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Duk da haka, abin da na fi ji maka tsoro shi ne sanyin kansa, domin shi ba ya ruri kafin ya kama mutum. Ma'aunin sanyi yakan sauka zuwa digiri 20 ƙasa da sifili, wani lokaci ya zarce 30, iska kuma tana ninka zafin cizonsa. Abin mamaki, gumi ne babban abokin gabar mai tafiya a irin wannan wuri. Kana jan kaya jikinka ya ɗumama, rigar ciki ta jiƙe, da zarar kun tsaya hutu sai damshin ya koma sanyi ya manne maka. Shi ya sa ba a sa auduga a jikin fata ko kaɗan, sai ulu, a ɗora wata rigar ulun mai kauri, sannan a rufe da wadda iska ba ta ratsa ta, a riƙa cirewa ana mayarwa gwargwadon aiki. Singileti da safar auduga da ka taho da su daga Sabon Gari, ka bar su a ɗaki.

Bari in kawo maka yadda maraice ɗaya yake a sansani. Kun tsaya a gajiye, sai ku kafa tanti da safar hannu a hannu, domin yatsa tsirara in ya taɓa sandar ƙarfe yana iya mannewa. Sai a kunna risho a fara narkar da dusar ƙanƙara, tukunya cike taf ta ba da ruwan da bai kai rabinta ba, a ci gaba da ƙarawa har kowa ya cika filas, abin da kan ci sa'a biyu ko fiye. Idan aka kunna rishon cikin rufaffen tanti saboda jin ɗumi, yana fitar da iskar guba marar wari wadda ke sa barcin da ba a tashi. Man rishon kansa in ya zuba a fata cikin wannan sanyi, nan take yake daskarar da wurin. Waya da batir sai an sa su cikin jakar barci a kwana da su a jiki, in ba haka ba da safe a tarar sun mutu. Bayan duk wannan kuma, ba kowa zai kwanta ba, dole a yi karɓa-karɓar gadi, mutum ɗaya yana tsaye a waje da tocila yana duban beyar har lokacinsa ya cika ya tashi wani.

A nan ne halinmu na dauriya yake zama illa. Mun taso ana yaba wa yaron da ya ji ciwo bai nuna ba, kuma Bahaushe ba ya son ya zama shi ne mai tsayar da tafiya. To a wancan daji, ƙafar da ke zogi tana da sauran rai, wadda ta daina zogi ita ce abar tsoro. Kunci ko hanci yakan yi fari fat kamar kakin kyandir ba tare da mai shi ya sani ba, shi ya sa matafiya ke duban fuskokin juna a kai a kai. Idan an ga haka ba a murza wurin, ba a goga masa dusar ƙanƙara, ba a kara shi da wuta, sai dai a ɗumama shi da tafin hannu ko a hammata, in ya yi tsanani a sa a ruwa mai ɗumin jiki, wajen digiri 37 zuwa 39, shi ma sai an tabbata ba zai sake daskarewa ba. Idan kuma zafin jikin mutum ya sauka ƙasa da digiri 35, za ka ga yana karkarwa, magana tana sarƙe masa, yana tuntuɓe, yana kuma rantsuwa lafiyarsa ƙalau. Likitocin sojojin Birtaniya da na Amurka sun daɗe da lura cewa sojojinsu 'yan asalin Afirka sun fi saurin samun raunin sanyi a hannu da ƙafa, saboda haka kada ka auna kanka da abokinka ɗan Norwe. Mai ciwon sikila kuwa, ko kusa kada ya yi tunanin wannan tafiya sai da yardar likitansa, domin sanyi da ƙarancin ruwa a jiki suna tayar da ciwon.

Fatake ba sa fita ba madugu, kuma jagoran da abokanka ke ganin tsadarsa shi ne madugun. Shi ya san kwarin da dusar ƙanƙara ke zaftarowa, irin wadda ta binne gidaje a cikin Longyearbyen kanta a Disambar 2015 ta kashe mutum biyu. Shi ya san tsagun da ke ɓoye a ƙarƙashin kogunan ƙanƙara, da bakin tekun da ƙanƙararsa ba ta yi kaurin ɗaukar mutum ba. Yana riƙe da wayar tauraron ɗan'adam da na'urar kiran agaji, domin da kun yi nisa da gari wayar salula ta zama hoto. Ka sani kuma babu titin mota tsakanin garuruwan tsibiran, jirgin Gwamna mai saukar ungulu ba ya tashi a kowane yanayi, kuma asibitin garin ƙarami ne, mai babban rauni sai an ɗauke shi zuwa Tromsø. Wanda zai yi nisa sai ya sanar da ofishin Gwamna, ya nuna inshorar da za ta biya kuɗin nemansa.

Ba cewa nake ka haƙura da Svalbard ba. Ka fara kwana ɗaya a tanti a bayan garin Tromsø, inda in abu ya ƙi za ka tattara ka koma ɗaki, sannan ka ƙara zuwa kwana biyu. Sai ku tara kuɗi ku je a Maris ko Afrilu tare da jagora, lokacin da haske ya dawo amma ƙanƙara ba ta saki ba. A ranar 8 ga Maris mutanen Longyearbyen suke taruwa su tarbi hasken rana na farko da ya sauko cikin gari daga bayan duwatsu. Sannu ba ta hana zuwa.

Tambaya: Malam, ɗana yana aiki a Norwe, ya ce zai je wannan yanki da abokan aikinsa. Ni abin da ya dame ni salla ce. Yaya ake yin ta a inda rana ba ta fitowa?

Amsa: Hajiya, Allah ya saka da alheri. Salla ba ta faɗuwa don rana ta ɓuya. Malamai sun kafa hujja da hadisin da ke cikin Sahihu Muslim, wanda ya ambaci yinin da tsawonsa zai kai shekara, aka umarci mutane su ƙaddara lokutan salla a cikinsa. Daga nan wasu suka ce a bi lokutan gari mafi kusa da ke da dare da rana, wasu suka ce a bi na Makka, kuma Musulmin Tromsø lokutan Makka suke bi a watannin da rana ba ta fitowa ko ba ta faɗuwa. Ya karɓi jadawali daga masallacin garin da yake kafin ya tashi, ya tambayi limaminsa hukuncin kasaru da haɗa salloli da shafa a kan huffi. Alƙibla daga Svalbard kudu take, an ɗan karkata gabas. Alwala kuma ya yi ta cikin tanti da ruwan ɗumi na filas, ya tsane jikinsa sarai kafin ya fita.

Tambaya: Na ji an ce Svalbard ba a buƙatar biza. Gaskiya ne? Ni a Kano nake.

Amsa: Gaskiya ne, ɗan'uwa, amma da sauran magana. Tsibiran suna ƙarƙashin Norwe bisa yarjejeniyar 1920, kuma ba a neman biza a wurin kowa don shiga su. Sai dai jiragen fasinja daga Oslo ko Tromsø suke tashi, kuma Svalbard tana wajen yankin Shengen (ƙasashen Turai masu amfani da biza ɗaya, ciki har da Norwe), saboda haka mai fasfon Nijeriya yana buƙatar bizar Shengen mai shiga sau biyu, ɗaya a tafiya, ɗaya a dawowa. Wanda kuma ya isa can ba shi da abin ciyar da kansa da wurin kwana, Gwamna yana da ikon sallamarsa.