Ga ƴar'uwar da ke neman likitan damuwa a Maraɗi

Wa alaikumus salam, ƴar'uwa. Kin ce tun bayan haihuwarki barci ya ƙaurace miki, ga faɗuwar gaba, ga kuka ba dalili, an yi ruƙiyya abin bai tafi ba, kina son wanda za ki amayar wa da cikinki amma ba ki san ƙofar da za ki buga ba. Allah ya ba ki lafiya. Na daɗe ina raka ƙanwata wannan hanya, shi ya sa na sa baki.

Ki fara da CSI, wato ƙaramin asibitin unguwarku, a auna miki jini da tansiyo. Ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo suna kawo kasala da bugun zuciya, mace ta ɗauka aljanu ne. In an ce jiki lafiya lau, ki roƙi takardar turawa zuwa babban asibitin jaha, ki tambayi masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Mutum iri uku za ki ji ana ambata. Sikiyatir cikakken likita ne mai rubuta magani, su kaɗan ne a Nijar, yawancinsu suna Yamai. Sikolog ba ya rubuta magani, aikinsa zama da ke da magana. Sai ma'aikatan jinya da suka ƙware a wannan fanni, waɗanda a jahohi galibi su za ki tarar, kuma kada ki raina su.

Amma a ganina takarda ba ta isa ba, zaman farko shi ke nuna miki mutum. Wani da muka fara gani, ƙanwata ba ta gama zama ba ya jawo takardar magani, ƙofa a buɗe, masu jiran layi suna jin komai. Wanda muka tsaya wajensa kuwa, sai da ya ce ni in fita. Raina ya ɗan sosu, amma gaskiyarsa, akwai abin da ba ta iya faɗa gaban yayarta. Ya tambaye ta barcinta, cin abincinta, zamanta da uwar miji, ya bari ta yi shiru ba tare da ya katse ta ba. Da Hausa suka yi, don ciwon rai ba ya fita da Faransancin lakwal.

Ki tambaye shi kai tsaye: wa zai ga abin da ake rubutawa? Maraɗi gari ne da kowa ya san kowa. Ki tambayi kuɗin zama, da sau nawa za ki riƙa dawowa, don ki san jikka nawa za ki tanada har da na kabu-kabu. Wanda ya ce zama ɗaya zai warkar da ke, ko ya ce rashin imani ne ke damunki, ki nemi wani. Addu'a kuma ba a ce ki bari ba, a haɗa su.

In an ba ki magani, ki faɗa musu kina shayarwa. Irin na damuwa yakan ɗauki sati 2 zuwa 6 kafin a ji sauƙi, kuma ba a yanke shi rana ɗaya. Ƙwayar barci ta ƴan tebur da tramol, ko kusa.

In kuwa tunanin cutar da kanki ko jaririn ya taɓa zo miki, kada ki jira ranar randebu. Ki gaya wa maigidan ko Inna, a kai ki asibiti a ranar, ko da dare ne.